Tabon da Ke Kafaɗar Ƙanena

Iyayena da 'yan'uwana na wannan zumunta, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe ni a lokacin da na kasa riƙe kaina.

Sunana Rifkatu. Masu zuwa sujadar Hausa ta yammacin Lahadi a Woolwich sun san fuskata, ko da ba su san muryata ba. Pasto ya ce in tsaya a gaba in ba da wannan shaida, na roƙe shi ya bar ni in rubuta a takardar zumunta. Idan na tsaya a gaban jama'a bakina yakan riga tunanina, kuma ba na so in ƙara wa aikin Allah gishiri. Abin da na gani zan ce na gani. Abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini.

Ƙauyenmu yana kudancin Borno. Ku yi mini haƙuri, ba zan faɗi sunansa ba. Shekarun baya 'yan ta'adda, waɗanda a gida muke ce wa mutanen daji, sun shigo mana, suka ƙone coci da gidaje, na Kirista da na Musulmi. Mun gudu, mun dawo. Ba a daɗe da dawowar ba babanmu ya rasu, aka bar Mama da ni da ƙanena Ishaku. Ni Allah ya buɗe mini hanyar karatu har na zo Landan na yi digiri na biyu a kan rikici da hanyoyin sulhu. Binciken da na rubuta ma a kan yadda ake yaƙi da ta'addanci ne a yankinmu. Yanzu ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Catford, kafin Allah ya kawo wani.

Ishaku manomi ne. Ban da gonarmu, yana yi wa mutane feshin maganin ciyawa. Suna da ƙungiyarsu ta masu feshi, shugabansu kuwa Baba Bukar ne, maƙwabcinmu, Musulmi, aminin marigayi babanmu. Ga waɗanda aka haifa a nan: abin feshin tanki ne na roba da ake cikawa da ruwa da magani a goya a baya. Maɗaurin da yake zuwa da shi ba ya kai ƙarshen damina. In ya tsinke sai su sa igiya. Mutum ya wuni da wannan nauyi a baya, damina bayan damina, dole kafaɗarsa ta yi baƙin tabo mai kanta.

A daminar bara, ina cikin bas zan tafi aiki, sai ga wayar Mama.

"Rifkatu, sun tafi da Ishaku."

"Su wa, Mama? Mutanen daji?"

"A'a. Masu kaki."

Da farko har na ɗan sauke numfashi. Na ce a raina, to, ai da sauƙi, kuskure ne, za a sake shi kafin yamma. Sai Mama ta ci gaba. An kai hari a kan hanyar babban gari. Ranar kasuwa jami'an tsaro suka tara samari, Ishaku yana ciki domin ya je sayen magani, aka ce kowa ya tuɓe riga.

"Waɗanda suke wurin sun ce kafaɗarsa aka duba, aka ce ya koma gefe."

Na san ma'anar wannan, domin na karanta shi, har na rubuta shi da hannuna cikin Turanci mai tsabta: wani lokaci idan ana tantance mutane akan duba kafaɗa, ko za a ga alamar igiyar bindiga. Ranar da na rubuta wannan ban tuna da kafaɗar ƙanena ba.

Ina so a fahimce ni. Ban zo in zagi kowa ba. Waɗannan jami'ai 'ya'yan mutane ne, wasunsu sun mutu a dajinmu domin Mama ta kwana a ɗakinta. Mutanen daji kuma ba su rubuta sunansu a goshi ba, sukan saje da 'yan kasuwa. Wataƙila da ni aka ba wa aikin, da tsoron da ke cikina, da na yi abin da ya fi haka. Amma ƙanena bai taɓa riƙe bindiga ba.

Da yamma Kawu Bitrus, yayan Mama, ya kira ni.

"'Yar Landan, buɗe kunnenki da kyau. Kada ki kira lambar Ishaku, wayarsa tana hannunsu. Kada ki aiko da komai. Kada ki rubuta komai a intanet. Su ga lambar ƙasar waje, shi ke nan, an sami mai aiko wa mutanen daji kuɗi. Ko uwarki ma ki bari ita ta neme ki."

"To Kawu, ni me zan yi?"

"Ki yi shiru. Shi ne taimakonki."

Ban ce Kawu ya yi kuskure ba. Har yau ina ganin akwai gaskiya a maganarsa. Amma shirun nan ya kusa kashe ni.

'Yan'uwa, tsoro ɗauri ne! Ban san haka ba sai da na shiga. Na kasa zama wuri ɗaya. In na hau bas sai in sauka tun ban kai ba, in ƙarasa da ƙafa. In na zauna cin abinci sai in miƙe da cokali a hannu. Duk hutun da aka ba mu a wurin aiki ina bayan gida ina duba labarai, ina buɗe hotunan gawawwakin da aka ce na 'yan ta'adda ne, ina ƙara girmansu da yatsa ina neman fuskar Ishaku. In ban gan shi ba in gode wa Allah, bayan minti kaɗan in sake dubawa.

Sai tsoron ya juyo kaina. Na fara tunanin in aka sa sunan Ishaku cikin waɗanda ake zargi, ai sunan mahaifinmu ɗaya. Bizata fa? Aikina fa? Idan jirgin ƙasa ya yi sanarwar a kai rahoton duk abin da ba a yarda da shi ba, sai in ji kamar da ni ake. Jiniyar 'yan sanda a titin Rye Lane takan sa in shige shagon da ba ni da abin saye a ciki. Wata rana na sa wa wata tsohuwa da nake kula da ita rigar sanyi a bai-bai. Ta riƙe hannuna ta ce, "Where are you today, love?" Na yi dariya na ce ina nan. Ba na nan.

A coci ma ban sami hutu ba. Kowace Lahadi muna yi wa Najeriya addu'a: Allah ya ba jami'an tsaro nasara, ya tona asirin duk wanda ya ɓuya cikin jama'a. Addu'a ce mai kyau, shekara da shekaru ina cewa amin da ƙarfi. Yanzu na kasa cewa amin. Rannan wurin shan shayi wani ɗan'uwa, wanda na san shi ma an kashe masa dangi, ya ce, "Ni dai duk wanda suka kama, da dalili." Ban ga laifinsa ba. Amma daga ranar duk wanda ya tambaye ni mutanen gida sai in ce lafiya lau.

Haka na yi makonni. Ban ƙidaya ba, amma na san masara ta bunƙasa a gida kafin in buɗe baki.

Wata Asabar da rana zumuntar mata ta taru a flat ɗin Mama Laraba, shugabarmu, muna dafa abincin bikin godiya. Ni aka ba wa yankan albasa. Ina ta yanka, ina ta yanka, sai na ji muryarta a kaina.

"Ke Rifkatu, miya muka ce za mu yi, ba kunun albasa ba. Me ke cin ki?"

"Ba komai, Mama. Gajiyar shift ce."

"Shift ɗin da muke yi tun kina cikin tsumma? Ajiye wuƙar nan ki dube ni."

Na ajiye. Na dube ta. Ban san yadda aka yi ba, sai ga magana tana fita, kasuwa da kafaɗa da gargaɗin Kawu da komai. Da na gama na sunkuyar da kai, ina jiran in ji wata ta ce, to, kin tabbata dai ba ya cikinsu?

Ba wadda ta ce haka. Mama Laraba ta ce, "A kashe wutar nan. Shinkafa ta jira."

Muka durƙusa a kicin, tsakanin tukwane da buhun shinkafa. Ta ce ni zan fara. Na fara yadda na saba: "Ya Ubangiji, idan nufinka ne, idan kuma zai yiwu, ko da yake na san akwai waɗanda suka fi mu shiga wahala, kuma ban san dukan abin da ya faru ba..."

Sai ta dafa ni ta katse ni.

"'Yata, ba application kike cikawa ba. Da Ubanki kike magana. Me kike so?"

Na sake farawa da "idan".

"Na ce me kike so?"

"Ina son ƙanena!" Ban san ina da irin wannan murya ba. "Yesu, ina son ƙanena! Ka dawo wa Mama da ɗanta! Na gaji da tsoro, ka cire mini shi, na gaji!"

Matan nan suka ɗauka gaba ɗaya, wata da Hausa, wata da Turanci, wata da yarensu. Na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka bizne babanmu.

Ba zan ce na ji murya daga sama ba, domin ban ji ba. Ban ga wahayi ba. Abin da zan iya cewa shi ne, da muka tashi na zauna a kujera, kuma na zauna ɗin. Kaina ya yi fili kamar an share tsakar gida. A cikin wannan filin sai ga fuskar Baba Bukar. Na tuna cewa a karatuna na ga wuraren da mutanen gari suka tsaya wa wanda aka kama, aka kuma saurare su. Ba kullum ba. Amma yakan faru.

Na gaya wa Mama Laraba, na kuma tuna mata da maganar lambar ƙasar waje. Ta ce wannan mai sauƙi ne. Tana da ƙanwa a Jos, ita za ta kira shi da lambarta ta haɗa mu. Washegari bayan sujada aka yi haka.

Muka gaisa, ya tambaye ni sanyi, na tambaye shi damina. Sai na ce, "Baba, maganar Ishaku ce. Tabon nan na igiyar feshi ne."

"Rifkatu, wa kike gaya wa? Duk garin nan an sani. Ga shi a kafaɗata, ga shi a ta 'ya'yana."

"Shi ya sa na ce, Baba, ko ku masu feshi za ku je bariki ku duka. Da rana tsaka, da mai unguwa, da pasto, kowa da tankinsa. Su ga tabon a jikin mutane da yawa. Ban ce lalle zai yi ba, amma wataƙila..."

Sai ya ce:

"'Yar aminina Dauda, kin san abin da kike roƙona? Yaron da yake bin uwarsa coci ma bai tsira ba. Ni da gemuna, da sunana Bukar, in je ƙofar bariki in tuɓe riga in nuna musu irin abin da suka kama shi a kai? In suka ce ni ma in koma gefe, wa zai zo ya tuɓe tasa domina?"

Na so in ce masa ba abin da zai faru. Bakina ya ƙi.

"Ban sani ba, Baba. Ba zan iya yi maka alkawarin za ka dawo ba. Ni ina nan cikin ɗaki mai ɗumi, kai ne za ka tsaya a rana. In ka ce a'a, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ya yi wata 'yar dariya. "Da kin ce mini ba komai, da tuni na kashe wayar nan. Ubanki ma haka yake, ba ya iya yi wa mutum ƙaryar kwantar da hankali. Ki bar ni in kai wa Allah maganar. Ke ma ki kai."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi sauƙi ba. Yanzu ba Ishaku kaɗai ba, na sa dattijo da 'ya'yansa a bakin wuta. Tsoron ya dawo yana ƙwanƙwasa ƙofa. Bambancin shi ne, wannan karon ba ni kaɗai ba ce. In ya taso sai in kira Mama Laraba, ko tana bakin aiki ta ce, "Faɗi sunan Yesu, ki koma ki ba tsofaffinki shayi."

A ƙarshe Baba Bukar ya amince za su je. Abin da ya faru a barikin ban gani ba. Mama ce ta gaya mini, ita ma pastonmu na gida ne ya gaya mata.

Sun tafi da safe a motar kasuwa, masu feshi Musulmi da Kirista, da mai unguwa da pasto. Tun daga nesa da jami'an suka hango mutane da tankuna a baya suka ɗaga bindigogi, domin ba su san abin da ke ciki ba. Wannan ban yi tunaninsa ba sam, kuma da na ji, sai da na zauna a ƙasa. Saura kaɗan shawarata ta sa a harbe su! Aka ce su ajiye tankunan can nesa, su buɗe su ɗaya bayan ɗaya, su zauna a rana hannu a kai. Suka zauna har azahar ta wuce.

Daga baya wani babba a cikinsu ya fito ya ce me ya kawo su. Mai unguwa ya fara bayani. Sai Baba Bukar ya miƙe a hankali, ya cire hularsa, ya cire rigarsa, ya juya masa baya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in wannan ne laifin yaron, to ga ubangidansa a laifin." Sauran suka miƙe suka tuɓe nasu.

An ce jami'in ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ya sa aka kawo tanki guda, aka cika shi da ruwa, ya ce wani saurayi ya goya, ya duba inda igiyar ta kwanta. Bai yi musu alkawarin komai ba. Ya ce su sa rigunansu su koma gida.

Duk suka dawo. Ba wanda aka ce ya koma gefe. Halleluya!

Amma ba Ishaku. Mako ya wuce, wani ya bi. Kawu Bitrus ya aiko mini da saƙo cewa ga irin abin da yake gudu, yanzu an san fuskokinsu duka. Na ci gaba da addu'ar nan guda, ba idan, ba wataƙila.

Wata Talata ina tsaye a tashar Woolwich ina jiran jirgi, sai wayata ta yi ƙara. Lambar Mama. Na ɗauka na ce, "Mama?"

"Yaya, ni ne."

Muryar ta shaƙe, ta tsufa, amma tasa ce. 'Yan'uwa, na durƙusa a kan dandamalin nan a gaban Turawa! Wani ma'aikacin tasha ya zo yana tambaya ko a kira mini motar asibiti. Ina kuka ina ce masa ƙanena ne, ƙanena ne, da Hausa.

"Yaya, ki daina kukan nan, kuɗin waya yana tafiya. Wai ke ce kika sa Baba Bukar ya tuɓe riga a gaban hukuma? Yanzu duk gari an san girman tumbinsa. Ya ce sai kin biya shi da rigar sanyi ta Landan."

Na yi dariya har na shaƙe. Yesu mai aminci ne!

An sake shi tare da wasu samari na ƙauyukan kusa, su ma masu feshi. Ko zuwan su Baba Bukar ne ya sa, ko an riga an fara bincike, ban sani ba, ba kuma wanda ya gaya mana. Na san dai wanda na roƙa. Ishaku ya rame ƙwarai, yana tari, kuma akwai abubuwan da har yau bai faɗa ba. Ba na matsa masa.

Bayan ya ɗan murmure ya sake kirana. Ya ce a ɗakin da aka tsare su akwai wani dattijo, Malam Modu, mai sayar da itace, wanda yakan rage masa ruwan shansa lokacin da zazzaɓi ya kama shi. Shi ba a sake shi ba. Iyalinsa ba su san ko yana da rai ba, wataƙila ma sun yi zaman makokinsa. Ƙauyensu yana can gefen daji, bayan shingayen bincike da yawa.

"Na yi masa alkawari zan je in gaya wa matarsa. Jibi zan tafi. Mama ta ce in tambaye ki."

Nan take tsohon tsoron nan ya dawo mini. Kafaɗar tana nan yadda take. A kowane shinge ana iya cewa ya tuɓe riga. Dalilai suka jeru a bakina, kowanne mai kyau: ka bari ka warke, ka aiki wani, ka jira rani. Na rufe ido a tsakiyar kicin ɗin wurin aiki na ce, Yesu, kai ka fito da shi, ba ni ba.

Na ce, "Ka tafi da takardar sakinka, ka nemi mai unguwa ya haɗa ka da wani. Ka gaishe mini da ita. Allah ya kiyaye hanya."

Ya je. Ya ce da matar ta ji, sai ta kama ƙafafunsa ta ƙi saki, yaran gidan suka fita da gudu suna kiran maƙwabta. Ya dawo gida lafiya kafin faɗuwar rana.

Ba zan ce muku tsoro ya daina zuwa ba, kada in yi ƙarya a gaban Allah. Yana zuwa. Amma yanzu baƙo ne, ba maigida ba.

Na gode wa Yesu da ya buɗe ƙofar da ba ni da mabuɗinta. Na gode wa Mama Laraba da matan zumunta. Ina roƙonku ku sa Baba Bukar da gidansa cikin addu'a, da jami'an da aka ɗora wa aikin rarrabe mai laifi da marar laifi, Allah ya ba su ido. Ku sa Malam Modu, domin har ranar da nake wannan rubutu yana ciki.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, da kike zuwa sujada da dutse a ƙirji kina cewa lafiya lau: ki buɗe baki. Ki gaya wa Ubanki abin da kike so kai tsaye. Yana ji, ni shaida ce.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.